Yaron Da Ya Tsani Karatu Saboda Cin Zalin 'Yan Aji: Hukunci Da Mafita

Tambaya:

Malam, mene ne matsayin Musulunci game da yaran firamare da ke yi wa ɗan'uwansu dariya da laƙabi idan ya kasa karatu a aji, har ya tsani littafi ya ƙi zuwa makaranta? Wasan yara ne a kyale su, ko akwai nauyi a kan iyaye da malamai? Kuma yaya za a dawo masa da son karatu?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, sanya wa yaro son karatu da kare shi daga cin zali aiki guda ne. Mai koyon karatu dole ya buɗe baki ya yi kuskure a gaban mutane kafin harshensa ya faɗa. Idan kowane tuntuɓe dariya ce ke biyo bayansa, sai ya koma bencin baya ya yi shiru. Shirun ya ƙara masa rauni, raunin ya ƙara wa masu tsokana ƙarfi, har a wayi gari an ce da shi daƙiƙi alhali tsoro ne ya ɗaure shi.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya fuskanci cin zali daga abokan karatunsa aƙalla sau ɗaya cikin wata guda. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta a 2022 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi.

Na farko: Hukuncin izgili da cin zali

Izgili da aibantawa da jifa da mummunan laƙabi haramun ne. Allah Maɗaukakin Sarki Ya jera hani a kan waɗannan ukun a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, Ya ambaci maza daban, mata daban, kuma Ya kira wanda bai tuba daga gare su ba azzalumi. Wannan ya haɗa da kiran yaro da nakasarsa, ko launin fatarsa, ko ƙabilarsa, ko talaucin gidansu, ko kwaikwayon i'inarsa. Duka da ƙwace kuɗin tara da yaga littafi da hana sauran yara wasa da shi kuwa zalunci ne a fili.

Duba yadda Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya yi. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (Allah Ya ƙara masa yarda) ya hau itace, aka ga sirantar ƙwaurinsa aka yi dariya. Nan take Annabi ya tambayi dalilin dariyar, sannan ya sanar da su cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. A Bukhari da Muslim kuma, Abu Zarr ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi ya faɗa masa cewa akwai sauran halin jahiliyya tare da shi. A duka wuraren biyu bai kau da kai ba, kuma bai wulaƙanta mai laifi ba. Ya tsayar da abin, ya ɗaga darajar wanda aka taɓa.

Bambancin wasa da cin zali kuwa ba shi da wuya. Wasa kowa na dariya a cikinsa, kuma idan ɗaya ya ce a bari sai a bari. Cin zali ana maimaita shi a kan mutum ɗaya, da gangan, daga wanda ya fi shi ƙarfi ko shekaru ko yawan jama'a.

Na biyu: A kan wa nauyin yake?

Yaron da bai balaga ba ba a rubuta masa zunubi, kamar yadda hadisin ɗauke alƙalami ya nuna. Amma wannan bai sauke nauyi daga wuyan manya ba. Hadisin Ibnu Umar a Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa kowa mai kiwo ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Uba da uwa za a tambaye su tarbiyyar ɗansu, malami a tambaye shi ajinsa, hedimasta a tambaye shi makarantarsa. Malamin da ya ga ana cin zalin yaro ya yi shiru alhali yana da ikon hanawa, ya bar wajibi. Malaman fiƙihu sun kuma bayyana cewa abin da yaro ya ɓata na dukiyar wani sai an biya, don haka littafin da aka yaga da kuɗin da aka ƙwace a mayar wa mai su.

Na uku: Idan ɗanka ne ake cuta

Yara da yawa ba sa faɗa, don kunya ko don an yi musu barazana. Ki lura, ya ke uwa, da ciwon ciki ko ciwon kai da ke tasowa da safiyar ranar makaranta ya ɓace ranar hutu, da yunifom a yage, da dawowa da yunwa alhali an ba shi kuɗin tara, da fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa.

Idan ya buɗe baki, ka saurare shi har ya gama. Kada ka ce masa rago, kada ka ce ya je ya rama, domin mai cin zali yakan fi shi ƙarfi, kuma ramuwar kan mayar da shi mai laifi a idon malamai. Ka tabbatar masa cewa kai ƙarar zalunci ba gulma ba ce. Malamai sun lissafa ƙorafin wanda aka zalunta ga mai iya cire masa zaluncin cikin wuraren da ambaton laifin wani ya halatta. Sannan ka je da kanka wurin malamin aji cikin natsuwa, da bayanin me ya faru, yaushe, a ina. Idan abin bai tsaya ba, ka kai wa hedimasta, sannan ƙungiyar iyaye da malamai. Kada ka tare ɗan wani a hanya ka doke shi, domin ka gyara ɓarna da ɓarna ke nan, ka kuma haɗa gidaje biyu faɗa.

Na huɗu: Idan ɗanka ne mai cutar

Kada son ɗa ya sa ka ƙaryata kafin ka bincika. Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya koyar da cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci. Ka sa shi ya ba da haƙuri, ya mayar da abin da ya karɓa. Sannan ka dubi gidanka. Yaron da ake kira da sunan dabba a gida, ko yayyensa ke jibgarsa ba mai cewa uffan, abin da aka zuba masa shi yake kaiwa makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar: Ga malamin aji

Ya kai malami, yara kwaikwayonka suke yi. Idan ka tsayar da wanda ya kasa karatu ka sa aji ya yi masa ihu, ko ka miƙa wa wanda ya iya bulala ya zane wanda bai iya ba, kai ka buɗe ƙofar cin zali da hannunka. Ibnu Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddima a kan cutarwar tsanani ga masu koyo, inda ya bayyana cewa yana gadar da kasala da ƙarya da munafunci. Anas ɗan Malik kuwa ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba.

Ka koya wa ajinka hadisin Nana A'isha (Allah Ya ƙara mata yarda) da ke Bukhari da Muslim, cewa mai karanta Alƙur'ani yana cijewa, yana shan wahala, lada biyu gare shi. Ka tunatar da su cewa Annabi Musa (Alaihis Salam) ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa, kuma wanda ya yi masa gori da rashin bayyana magana shi ne Fir'auna. Yaron da ya ji wannan zai yi tunani kafin ya kwaikwayi mai i'ina.

Ka kafa doka tun ranar farko: ba a dariya ga mai karatu. Mai rauni ka fara sauraronsa shi kaɗai, ko ka ba shi layin da zai karanta gobe ya shirya a gida. Ka haɗa yara bibbiyu, babba da ƙarami, su yi karatu tare na ɗan lokaci kowace rana. Wanda aka ba amanar koyar da ƙaninsa da wuya ya koma mai dukansa. Kada ka bar monita da bulala. Ku raba aikin sa ido lokacin tara, da bayan ajujuwa, da bakin ƙofa lokacin tashi, domin nan ne ake yin abin da ba a yi a gabanka.

Na shida: Dawo da son karatu a gida

Wahayin farko da ya sauka umarni ne da karatu, kuma an ambaci alƙalami a cikinsa. Bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da kuɗin fansa an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. Wannan ya ishe ka sanin girman al'amarin.

Ka ware minti 15 kullum, bayan Magariba ko kafin barci, a ajiye waya, ka karanta masa da murya. Ka fara da harshen da yake ji, domin mai karanta abin da ya fahimta ya fi saurin kamawa. Ƙissoshin annabawa da tarihin sahabbai da labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam duk suna jan hankalin yaro. Ka tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi, ka ce gobe shi zai karanta layin farko. Idan ya cije, ka ba shi lokaci kafin ka gyara masa, kuma ka yabi ƙoƙarinsa. Kada ka gwada shi da ƙaninsa ko ɗan maƙwabta.

Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da rabo: ta sa shi ya karanta mata tana aiki, ta tambaye shi me ya faru a labarin. Ya ga mahaifinsa riƙe da Alƙur'ani ko littafi, domin ido ya fi kunne saurin koyo. Idan kuma an yi duk wannan yana ta rikita haruffa, ko yana matso da littafi dab da fuskarsa, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa. Sau da yawa tabarau ne maganin abin da aka ɗauka daƙiƙanci.

Ka haɗa da addu'a, ka riƙa karanta masa azkar na safe kafin ya fita, kuma ka yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya kare su daga yin zalunci da kuma a zalunce su.

Wallahu a'alam.