In Maigadi Ya Fi Ƙarfin Gida: Tsohuwar Kwamfuta Da Manhajar Tsaro

Da yawa daga cikin kwamfutocin da a ke aiki da su a shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi na ƙasar nan ba sababbi ba ne. Na hannu ne, waɗanda a ke kira tokumbo, sun gama aikinsu a Turai ko Amurka sa'an nan aka shigo da su ta Ikko, aka baje su a kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga can su ka watsu sauran garuruwa. Kukan masu su kuwa kusan iri ɗaya ne: a kunna na'ura a yi ta jira, a buɗe takarda ta sandare, ga mai aiki tsaye yana duban agogo. In an kai wa mai gyara, ko dai ya ce a ƙara ram, ko ya ce a cire antibairos, watau manhajar da ke tsare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta. Kowace shawara a cikin biyun nan tana iya zama asarar kuɗi ko asarar aiki, muddin ba a fara gano abin da ya ƙare wa na'urar ba.

Manhajar tsaro ba ta hutawa. Duk fayil ɗin da aka buɗe, ko aka kwafa, ko aka sauke daga intanet, sai ta tare shi ta gwada da jerin alamun cututtukan da ta sani kafin ta sake shi, jerin nan kuwa kullum ƙaruwa ya ke yi. Ban da wannan, tana da lokutan da ta ke bin faifan ajiya tun daga farko har ƙarshe. Sabuwar kwamfuta ba ta ko jin wannan kaya a jikinta. Tsohuwa mai ƙaramin ram da faifai mai juyawa ita ce ke durƙushewa.

Wanda ya yi zamani da Windows 95, ko 98, ko Me na shekarar 2000, zai tuna da gargaɗin nan da ke fitowa cewa albarkatun tsarin sun yi ƙasa ƙwarai. Kafin fitowarsa a kan ga alamu: haruffa su sauya kama, hotunan nan ƙanana da a ke latsawa su ɓace ko su yi baƙi, taga ta ƙi buɗewa. Mutane da yawa sun sayi ƙarin ram saboda wannan gargaɗi, su ka dawo gida su ka tarar ba abin da ya canja. Dalili shi ne, abin da Windows ke nufi da albarkatu a nan ba ram ba ne. Wasu ƙananan rumbuna ne da ya gada daga Windows 3.1, waɗanda ba su wuce kilobayit 64 kowanne ba. Ɗaya na sashen da a ke kira User, mai riƙe da lissafin tagogi da abubuwan latsawa, ɗaya kuma na GDI, mai kula da zane da launi da haruffa. Ko na'urar tana da megabayit 16 ko tana da 512, girman rumbunan nan bai ƙaru ba. Kowace manhaja da ta tashi tare da kwamfuta sai ta ɗebi rabonta, irin su Norton da McAfee da katangar tsaro ta ZoneAlarm kuwa kan tashi tun daga kunnawa su zauna kusa da agogo har a kashe. Wani abin haushi kuma, akwai manhajojin da ko an rufe su ba sa mayar da abin da su ka ɗiba, sai an kashe na'ura an sake kunnawa.

Maganin wancan zamani shi ne awo tukuna. Akwai ɗan ma'auni mai suna Resource Meter da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ya rage. A kan duba shi da zarar an kunna, sa'an nan a shiga msconfig, wanda ya zo tare da Windows 98, a riƙa hana manhajoji tashi ɗaya bayan ɗaya, ana sake kunnawa ana duba adadin. Aiki ne mai cin rai, amma shi ke fallasa mai laifi, kuma sau da yawa a kan tarar ba sashen da ke kama cuta ne ya cinye wurin ba, tarkacen da aka haɗo shi da su ne.

Windows 2000 da XP da waɗanda su ka biyo baya an gina su a kan wani harsashi dabam, ba su da wannan ƙangi na kilobayit 64. Saboda haka mai Windows 7 ko 10 da ya ga nauyi, matsalarsa tana ɗaya daga wurare uku: firosesa, ko ram, ko faifan ajiya. Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna masa wace manhaja ce ke cin me. A Windows 10 in ya ga Antimalware Service Executable a sama, to Microsoft Defender ne, maigadin da ya zo tare da tsarin. In faifai ne ya tsaya a kan kashi 100 alhali ram da sauransa, ƙarin ram ba zai yi wani tasiri ba. Abin da zai taimaka shi ne mayar da babban binciken zuwa lokacin da ba a aiki, ko musanya faifan da irin wanda a ke kira SSD. In kuwa ram ne ya cika, kamar a na'ura mai gigabayit 2, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 10 mai bit 64 ke bukata, to lalle mai gyara ya yi gaskiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara nema shi ne ko masu gadin sun wuce ɗaya. Mai sayarwa ya sa nasa, mai gyara ya ƙara wani, ɗan gida ya sauko da na uku don ya ji an ce kyauta ne. Kowane fayil sai an bincike shi sau biyu ko uku, wani lokaci ma ɗaya ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin cuta. A zaɓi ɗaya a cire saura. Cirewar ma ba kullum ta ke fita sarai ba, shi ya sa kamfanonin su ka yi kayan share saura, kamar MCPR na McAfee da Remove and Reinstall na Norton. Wanda zai gwada kashe manhajar tsaro na ɗan lokaci don ya ga ko nauyin zai ragu, ya fara yanke intanet, kada kuma ya soka filashin kowa har ya gama. In an kashe nauyi bai ragu ba, a daina zarginta. Mai yiwuwa ma cuta ce ta riga ta shiga tana aiki a ɓoye.

Su ma masu gadin kan yi ɓarna. A watan Afrilu na 2010 wani sabon jerin alamu da McAfee ya fitar ya ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutoci masu ɗimbin yawa su ka shiga mutuwa da tashi ba ƙaƙƙautawa. Duk da haka, ra'ayinmu shi ne shawarar a zauna ba tsaro sam ta fi kowace muni, musamman a shagon da kowane baƙo ke zuwa da filashinsa. Cutar CIH, wadda ta tashi ran 26 ga Afrilu 1999, tsofaffin Windows ɗin nan ta kama, ta goge farkon faifai, a wasu na'urorin har ta hana su tashi gaba ɗaya. WannaCry kuma a watan Mayu na 2017 ta kulle fayiloli tana neman fansa, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Ingila. Ɗalibin da aikinsa na ƙarshen karatu ke cikin kwamfutar shago ba zai karɓi uzurin cewa an cire tsaro don a sami sauri ba.

Akwai kuma iyakar da gyara ba ya wucewa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 98 da Me a Yulin 2006, XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adin tallafinsa na yau da kullum 14 ga Oktoba 2025 ne. Tsarin da aka daina toshe wa ɓaraka, manhajar tsaro ba ta isa ta rufe masa dukan ƙofofi ba. Irin wannan na'ura gara a raba ta da intanet a bar ta ga buga takardu, a riƙa kwashe aikin zuwa wani faifai dabam. Ko kuwa a sa mata ɗaya daga ire-iren Linux marasa nauyi, kamar Lubuntu, sai dai mai shagon da abincinsa ya dogara ga CorelDRAW ya sani cewa ba a yi nau'o'in wannan manhaja na zamani don Linux ba, sai ya gwada Inkscape ya gani ko zai biya masa bukata kafin ya goge Windows ɗinsa.