Tashen Kiɗan Fiyano da Dusashewarsa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya halarci biki a Yelwa ta ƙasar Yauri a 'yan shekarun nan, ko a Wara ta Ngaski, ko a ɗaya daga cikin garuruwan Shanga, zai ga cewa kiɗa yana nan daram, makaɗa ne dai suka yi ƙaranci. Abin da akan tarar shi ne saurayi guda a bayan tebur, da kwamfuta ko wayar hannu a gabansa, da manyan lasifikoki, ga kuma janareta yana ruri daga gefe. Alhali kuwa ƙasar nan ita ce mazaunin marigayi Aliyu Ɗandawo da ɗansa marigayi Sani Aliyu Ɗandawo, makaɗan fada waɗanda ba su tayar da waƙa sai da jama'arsu a bayansu. Tsakanin ƙungiya irin ta Ɗandawo da saurayin nan mai tebur akwai wani mataki da aka taka, watau kiɗan fiyano. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda kiɗan ya samu, da dalilan tashensa, da abin da ya sauya a waƙar Bahaushe, da kuma abin da ya sa shi ma ya ja da baya.

Ma'anar fiyano

Abin da Hausawa suke kira fiyano ya bambanta da babban akwatin katakon nan mai tsirkiyoyi na Turawa, wanda daga gare shi aka aro sunan. Wannan na'ura ce mai jerin maɓallai farare da baƙaƙe, wadda take haifar da sauti ta hanyar wutar lantarki. Wani Ba'amurke mai suna Robert Moog yana cikin waɗanda suka fara ƙera irinta a 1964. A lokacin babba ce ƙwarai, ga kuma tsada. Daga wajen 1980 kamfanonin Japan, musamman Yamaha da Casio, suka shiga yin ƙanana masu rahusa waɗanda mutum zai iya saɓawa a kafaɗa.

Na'urar tana da siffofi biyu da ya kamata a riƙe. Ta farko, a cikinta an adana muryoyin kayan kiɗa masu yawa, na bugawa da na busawa da na gogawa, kowanne da lambarsa. Ta biyu, tana iya riƙe bugun ganga da kanta, tana maimaita shi ba gajiya, yayin da mai ita yake ɗora kari a kai da yatsunsa. Ta haka mutum ɗaya yake tsayawa a madadin mutum biyar ko goma. Sai dai ba ta motsi sai da wuta, kuma a nan mutanen Yauri suna da abin tunawa: madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta tayar da mutane wajen dubu 44 daga gungu da gaɓar Kwara, cikinsu har da Gungawa, kafin ta ba ƙasa wutar da irin waɗannan na'urori suka dogara da ita.

Misali daga Ingila

Kafin a shiga labarin ƙasar Hausa, yana da amfani a leƙa inda irin wannan kiɗa ya fara tashe. A birnin Shefil na Ingila, garin masana'antun ƙarfe, wasu samari biyu ma'aikatan kwamfuta, Martyn Ware da Ian Craig Marsh, sun kafa ƙungiya a 1977, suka jawo Philip Oakey ya zama mawaƙinsu, aka san su da suna The Human League. Ba su da mai ganga, ba su da mai jita, na'ura ce kawai. A 1980 suka ɓare gida biyu, Oakey ya riƙe sunan, ya ɗauko 'yan mata biyu 'yan makaranta don su riƙa yi masa amshi. Faifansu mai suna Dare ya fito a 1981, waƙarsu kuma Don't You Want Me ta zama ta ɗaya a Ingila a ƙarshen shekarar, ta kuma zama ta ɗaya a Amurka a 1982. Tashen irin wannan kiɗa ya kai har reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan ƙasar ya nemi a hana amfani da na'urar a 1982, don tsoron kada ta raba 'ya'yansa da abincinsu.

Amma na'urar da ta ɗaga su ita ce ta kayar da darajarsu. Da ta yi arha kowa ya mallaka, sautin da ya bambanta su ya zama gama-gari. Sun sake samun waƙa ta ɗaya a Amurka a 1986, daga nan kasuwa ta yi ta ja da baya, har kamfanin Virgin ya sallame su a 1992. Sun ci gaba da wasa bayan haka, amma galibi da tsofaffin waƙoƙinsu ake nemansu. Za a ga kusan irin wannan tafiya a ƙasar Hausa.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gwada na'urar a wannan yanki shi ne Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, wanda ya sayi wata ƙirar Italiya mai suna Orla, ya ɗauki kaset a Yamai a 1978. Kiɗa ne zalla, kuma gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye. Kaset ɗin bai yaɗu ba sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Ainihin tashen ya zo ne daga Kano, a bayan finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda akan ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Masu shirya finafinan sun tashi da kallon finafinan Indiya, saboda haka suna bukatar waƙar soyayya tsakanin saurayi da budurwa, abin da makaɗin fada ko na jama'a bai saba yi ba. Kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna, kamfanin Iyan-Tama na Kano ya sayi Yamaha samfurin PSR-220 a 1996, ya buɗe wa masu fim ƙofar haɗa kiɗa a ɗaki. A 1999 fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja, waƙarsa ta game ƙasa tun daga birni har ƙauye. A cikin wannan shekara ce kuma Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa, bayan Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya riga shi a 1991. Daga nan muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai suka cika kasuwanni da tashoshin mota, aka kuma laƙaba wa salon sunan nanaye, aro daga amshin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata.

Dalilan tashensa

Dalili na farko shi ne kuɗi. Ɗaukar ƙungiya yana nufin mota da masauki da abinci da sallamar kowa, mai fiyano kuwa shi kaɗai ne. Na biyu shi ne gado. A al'ada kiɗa sana'a ce da ake gada ko a yi mata barance na shekaru, kamar yadda Sani ya tashi a gidan Aliyu Ɗandawo, fiyano kuwa ana koyonsa cikin watanni. Na uku shi ne matsayi. Bahaushe yana lissafa makaɗi cikin maroƙa, kuma ɗan malamai ko ɗan sarauta ba ya rataya kalangu ba tare da an yi magana ba. Fiyano bai zo da wannan tambari ba, don haka ɗan boko da ɗan kasuwa suka shiga ba tare da jin sun zubar da girman gida ba. Na huɗu kuwa shi ne kaset, wanda ya sa waƙar da aka haɗa a Kano take isa kasuwar Yelwa cikin 'yan kwanaki. Ba a jima ba sha'irai masu begen Annabi da mawaƙan siyasa su ma suka rungume shi, ko da yake wasu malamai sun yi inkari.

Abin da ya sauya a waƙa

Nan ne manazarcin waƙar baka ya kamata ya fi tsayawa. A ƙungiyar gargajiya akwai jagora, da 'yan amshi, da masu kiɗa, wani lokaci da sanƙira, kuma kiɗa shi ne yake bin waƙa. Jagora yana iya tsawaita ɗan waƙa ko ya gajarta shi. Idan wani babban mutum ya shigo fage, nan take sai ya ƙulla masa ɗa, 'yan amshi su tarbe, su yi ƙari, su mayar da shi ga gindin waƙa, masu kiɗa kuma su sassauta ko su ɗaga gwargwadon numfashinsa. Wannan ne ya sa waƙa guda ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

Da fiyano ya zo sai al'amarin ya juya, waƙa ta koma bin kiɗa. Na'ura tana bugu da awo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, mawaƙi ne zai auna kalmominsa su shiga. Saboda haka aka koma rubuta waƙa a takarda kafin a rera, baitoci suka daidaita tsawo, amsa-amo ya zama tilas, har waƙar ta fi kusa da rubutacciya bisa ga ta baka. Amshi kuma ya tashi daga aikin mutane masu sauraren jagora, ya zama murya guda da aka ɗauka sau ɗaya ana ta maimaitawa. Wurin haihuwar waƙa ya tashi daga fage ya koma ɗakin ɗauka.

Akwai kuma batun karin sauti. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu da kotso kuma suna kwaikwayon wannan, shi ya sa ake cewa ganga tana magana. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata ya ɗaga sauti, ya saki ya sauke, har mai take ya ji takensa ya san da shi ake. Fiyano yana da muryar da ta yi kama da sarewa da wadda ta yi kama da goge, amma gangunan da aka zuba masa na wasu ƙasashe ne, ba su san taken kowa ba. Duk da haka bai kamata a tauye masa haƙƙi ba. Shi ya buɗe wa mata da yawa fagen waƙa, shi ya ba soyayya gurbi a fili, kuma a kansa mawaƙa irin su Aminu Ladan Abubakar Ala suka gina waƙoƙi masu nauyin ma'ana da tsarin baiti.

Dusashewarsa

Abin da fiyano ya yi wa ƙungiya shi kwamfuta ta yi masa. Manhajar haɗa kiɗa mai suna FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, ta ba mutum damar jera sauti a fuskar kwamfuta ko da bai iya taɓa maɓalli ba. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta ɗauke wa mawaƙi wahalar daidaita murya. A hankali fiyano ya koma ɗan aiken kwamfuta, ana danna shi ne kawai don a shigar mata da kari. Sunan mai fiyano ya ba da wuri ga sunan furodusa.

Na biyu, kunne ya ƙoshi. Da yake ɗakunan ɗauka suna amfani da na'urori iri ɗaya, muryoyi iri ɗaya suka yi ta maimaituwa, har ya zama da wuya a bambance waƙar wannan fim da ta wancan. Na uku, gidan da ya rene shi ya girgiza. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka dakatar da shirya fim na wani lokaci, aka tsaurara kan rawa da waƙa. Bayan haka satar fasaha da tura waƙoƙi a waya suka karya cinikin kaset da faifai. Da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sa'an nan finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube, sai bukatar waƙa a tsakiyar fim ta ragu ƙwarai. Mawaƙa suka koma dogaro da biki da siyasa da intanet, matasa kuma suka karkata ga salon hip-hop da na Legas.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa na'urar ce ta dusashe, amma sauyin da ta kawo ya zauna. Ƙungiyar da ta watse ba ta sake haɗuwa ba, domin yaron da zai yi shekara goma yana amshi a bayan ubangida ya riga ya ga gajeriyar hanya. Makaɗan fada da na sana'a suna nan a ƙasar Yauri, ana jin su ranar salla da naɗin sarauta da bikin Rigata, sai dai kowane tsoho da ya kwanta dama a cikinsu yana tafiya da taken da babu manhajar da ta adana shi. Haka nan kaset-kaset ɗin zamanin fiyano suna lalacewa a shaguna da ɗakuna, alhali su ne shaidar yadda samarin Hausawa suka yi waƙa na wajen shekara goma sha biyar. Aiki biyu ke nan yake jiran ɗaliban Hausa, musamman 'yan wannan yanki: ɗaukar abin da ya rage a bakin makaɗan gargajiya na Yauri da Ngaski da Shanga, da kuma tattara waƙoƙin fiyano a nazarce su da ma'aunin da ya dace da su. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.