Horon Natsuwa ta Wayar Hannu da Matsalar Firgita a Tsakanin Matasan Jigawa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata hanyar rage raɗaɗin firgita wadda ake koya wa matasa ta intanet, a ga inda za ta amfane mu da inda ƙarfinta ya ƙare.

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar man fetur ta kife a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura. Jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. An yi jana'iza, an kai masu ƙuna asibiti. To, amma akwai wani rukuni da ba a cika lissafawa ba, watau samarin da suka tsira ba tabo a jiki, alhali sun ga kome da idonsu. Irin wannan matashi yakan kasa barci, ko ya yi ta mugun mafarki. Ƙaramin motsi ya zabura. In ya ji warin fetur wajen ɗan bumburutu sai daren nan ya dawo masa sabo fil. Idan alamun suka haura wata guda suna hana shi harkokinsa, likitocin ƙwaƙwalwa kan ɗauke su cuta mai zaman kanta, wadda ƙungiyarsu ta Amurka ta shigar a kundinta a 1980. A gida kuwa sau da yawa sai a ce gamo ya yi.

Shi horon natsuwa, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Ya aro shi daga zuzzurfan tunanin mabiya Buda, ya tuɓe masa rigar addini, ya mai da shi darasin mako takwas. Mutum zai zauna ya lura da shigar numfashinsa da fitarsa, ko ya bi gaɓoɓinsa da hankali tun daga yatsun ƙafa har ka. In tunani ya zo, ya shaida cewa tunani ne kawai, ya bar shi ya wuce. Hikimar ita ce, mai firgita kullum gudun tunanin yake yi, gudun nan kuwa shi ke ƙara masa ƙarfi.

Yanzu an naɗi darussan a murya, ana saurare ta waya. Amfanin wannan a wurinmu a fili yake. Saurayin Jahun ko Kiyawa ya gwammace ya haɗiye ciwonsa da a ji an ce an kai shi asibitin Kazaure. Waya kuwa tana rufa asiri, kuma murya ba ta bukatar iya karatu. Sai dai galibin darussan da Turanci suke, aikin da ke jiran sassan Hausa na kwalejojinmu ke nan.

Inda na fi jin tsoro shi ne nan. Muryar za ta ce wa yaro ya rufe ido ya saurari numfashinsa, shi kaɗai a ɗaki. Wanda ya shaƙi hayaƙin Majiya, rufe idon nan na iya mayar da shi bakin wutar, ita kuwa muryar da aka naɗa ba ta ganin yana kyarma, ci gaba za ta yi. Saboda haka a ganina gara a fara da ido a buɗe, ƙafa a ƙasa, ya ƙirga abubuwa biyar da yake gani, kamar yadda littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 kan jure damuwa ya koyar. A taƙaita zaman, a kuma gaya masa yana da ikon tsayawa duk sa'ad da ya so. Har ila yau a haɗa shi da malamin ba da shawara wanda zai riƙa tuntuɓarsa kowane mako, domin da yawa kan watsar da darasin intanet in ba mai bibiya.

Wanda kuwa ya fara shan ƙwaya don ya sami barci, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a tsaya wata waya, a kai shi ga likita.