Matsayin Kainas Wajen Tsara Rabuwar Ƙwayar Halitta a Dabbobi Masu Shayarwa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ƙwayar halitta ke samun izinin rabuwa gida biyu. Masu ba da izinin nan su ne wasu furotin da ake kira kainas, waɗanda aikinsu shi ne ɗauko fosfet daga ATP su liƙa wa wani furotin, ta haka su tayar da shi ko su kwantar da shi.

2.0 Kainas da Saikilin

Zagayen rabuwa yana da matakai huɗu: G1, lokacin girma, S, lokacin kwafar DNA, G2, lokacin shiri, sannan M, inda ƙwayar ke rabuwa. Kainas ɗin da ke tafiyar da zagayen, wato CDK, ba ya aiki shi kaɗai, sai ya haɗu da abokin tafiyarsa, saikilin, wanda Tim Hunt ya gano a 1982. Yawan CDK bai cika canzawa ba, amma saikilin yakan taru, sannan a rushe shi. Wannan hawa da sauka shi ke jera matakan bi da bi. Alal misali, CDK1 da saikilin B su ke shigar da ƙwaya matakin M, kuma ba za ta fita ba sai an rushe saikilin B.

3.0 Mashigar G1

A 1974 Arthur Pardee ya nuna cewa akwai wata mashiga a ƙarshen G1, wadda in ƙwaya ta ƙetare ta, babu komawa. Mai gadin mashigar shi ne furotin Rb, wanda ke riƙe da E2F. Idan saƙon girma ya iso daga waje, saikilin D yakan taru, ya haɗu da CDK4 ko CDK6, su fara liƙa wa Rb fosfet. Daga nan CDK2 da saikilin E su ƙarasa, Rb ya saki E2F, a shiga kwafar DNA. Akwai kuma birki: p16 yana hana CDK4 da CDK6 aiki, haka nan idan DNA ya lalace, p53 yakan sa a samar da p21, ya dakatar da CDK2.

4.0 Kammalawa

A yawancin nau'o'in sankara akan tarar wannan mashiga ta lalace, ko dai an rasa Rb ko p16, ko saikilin D ya yi yawa. Fahimtar haka ce ta haifar da maganin palbociclib, mai toshe CDK4 da CDK6, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015 don sankarar mama. Sai dai mu lura, maganin yana dogara ne ga Rb. Inda mai gadin ya riga ya ɓace, toshe kainas ba zai mayar da ƙofa a rufe ba.