Darasin labarin ƙasa da ke ƙarƙashin ƙafarmu a Garki

Duk ma'aikacin da ya fito daga Area 11 a Garki da sassafe ya ɗaga kai, zai hangi Dutsen Aso tsaye a bayan fadar shugaban ƙasa. Wanda ya biyo hanyar Kaduna kuwa Dutsen Zuma ne ke tarbarsa, wanda hotonsa ke kan takardar naira 100. Yaranmu na ganin waɗannan duwatsu kullum, amma da yawansu idan aka ambaci darasin labarin ƙasa sai su ɗauka haddar sunayen koguna da manyan biranen duniya ce kawai. Ga shi kuma a manyan makarantun sakandare darasin na zaɓi ne, don haka ba wuya ɗalibi ya ajiye shi. Alhali kuwa birnin da muke ciki, tun daga zaɓen wurinsa har zuwa matsalolinsa na yau, misali ne na abin da darasin ke koyarwa.

Masana sun kasa fannin gida biyu. Na farko yana nazarin doron ƙasa kansa: duwatsu, koguna, iska, ruwan sama da tsirrai. Na biyu yana duba ɗan Adam: inda ya zauna, dalilin zamansa, sana'arsa da ƙaurarsa.

A ɓangaren farko, Aso da Zuma duwatsu ne masu tauri waɗanda suka rage bayan ruwa da iska sun daɗe suna zaizaye ƙasa mai laushi da ke kewaye da su. Damina da rani kuwa sun samo asali ne daga iskoki biyu. Ɗaya mai danshi ce daga Tekun Atilantika, tana kawo ruwa a Abuja daga wajen watan Afrilu zuwa Oktoba. Ɗayar busasshiya ce daga hamadar Sahara, ita ke kawo hunturu da ƙurarsa. Da yake iskar teku daga kudu take tasowa, damina na riga sauka a Legas, sannan Abuja, kafin ta kai Sakkwato, inda take gajarta.

Haka ma layukan da ake zanawa a taswira suna da aiki. Abuja na kimanin digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa tsawon dare da na rana ba su cika bambanta sosai a nan ba, saɓanin Ingila. Duniya kuma na juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Wannan ne dalilin da agogon Makka ke gaban namu da sa'a biyu, kuma mai azumi a Maiduguri ke shan ruwa kusan rabin sa'a ko fiye kafin ɗan'uwansa na Legas, duk da cewa agogonsu ɗaya.

A ɓangare na biyu, kafuwar Abuja kanta amsa ce ga tambayar labarin ƙasa. Legas na bakin teku, a kusurwar ƙasa, ruwa ya takure ta, cunkoso ya yi mata yawa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, wanda ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, inda akwai fili da ruwa, kuma babu wata babbar ƙabila da za ta ce wurin nata ne ita kaɗai. An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ba Najeriya ce ta fara ba, domin Brazil ta mayar da babban birninta Brasiliya tun 1960.

Sai dai ba a kan dajin da babu kowa aka gina birnin ba. Gbagyi da wasu al'ummomi sun daɗe suna noma a wannan ƙasa, ƙauyen Garki na asali kuma har yanzu yana nan a tsakiyar gine-ginen zamani. Sunan Abuja ma aro aka yi daga garin da Sarki Abu Ja na Haɓen Zazzau ya kafa a 1828, wanda yau ake kira Suleja.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kimanin miliyan 1.4 a yankin, kuma tun daga lokacin jama'a ke ta kwararowa. Aiki na Garki da tsakiyar birni, amma tsadar haya ta tura ƙananan ma'aikata Nyanya, Mararaba, Masaka, Kubwa da Suleja. Cunkoson da ake sha safe da yamma a hanyar Keffi shi ne abin da littattafan makaranta ke bayani a kai idan suna magana kan abin da ke jawo mutane birni da abin da ke korar su gefensa.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu, nan ake asara idan aka yi sakaci. An tsara birnin ne da filayen da aka bari a gefen rafuka domin ruwa ya sami hanya. Da aka cike wasu da gine-gine, aka kuma shimfiɗe ƙasa da siminti, ruwan da a da ke nutsewa sai ya koma gudu a sama. Mazauna Lokogoma da sassan Lugbe sun ga ambaliya a damuna da dama, har da asarar rayuka. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ma'aikacin da ya tara kuɗin shekaru domin sayen fili, da zai fara tambayar ina ne tudu, ina ne kwari, ina kuma ruwan unguwar ke bi, da ya tsira daga baƙin ciki mai yawa.

Saboda haka iyaye na da rawar takawa ba tare da jiran makaranta ba. A nuna wa yaro cewa ruwan famfon Garki daga madatsar Usuma da ke wajen Bwari yake zuwa. A ba shi taswirar Najeriya ya auna nisan Abuja daga garinsu. Idan an yi ruwan sama, a fita da shi ya ga inda ruwan layinsu ke gangarawa. Daga cikin waɗannan yara ne za a sami waɗanda gobe za su sa hannu a takardun filaye da tsarin hanyoyi a ma'aikatun da iyayensu ke aiki yau.