Minti Nawa Jirgin Ɗaukar Hoto Ke Yi a Sama? Lissafin Kwali da Lissafin Gwammaja

Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai farfela huɗu, wanda masu sana'ar ɗaukar hoto ke kira duron, ya zama kayan aiki na yau da kullum a birnin Kano, har ta kai ga da wuya a yi babban ɗaurin aure, ko taron siyasa, ko ɗaukar fim ɗin Kannywood, ba a ji ƙuginsa a saman kawunan jama'a ba. A unguwa irin Gwammaja, wadda ke cikin ganuwa a Ƙaramar Hukumar Dala, inda gidaje suka cunkushe kuma lunguna suka matse, hoton sama ne kaɗai ke iya nuna yawan mutanen da suka cika layi. Sai dai ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu wannan sana'a shi ne batir ba ya kai lokacin da aka rubuta a jikin kwali, kuma dalilin haka yana cikin yadda ake gwajin, da yanayin garin, da kuma yadda ake riƙon batirin.

Abin da batirin ke ɗauke da shi

Yawancin jiragen da ake gani a hannun masu hoto ƙirar DJI ne, kamfanin ƙasar Sin da aka kafa a 2006, mai hedikwata a birnin Shenzhen. Samfurin Mini 2, wanda ya fito a 2020, an rubuta masa minti 31. Mavic 3 na 2021 an ba shi minti 46. Mini 4 Pro na 2023 kuwa minti 34 da batir na yau da kullum, ko 45 da babban batir. Dukkansu suna amfani da batirin lithiyam, wato dangin wanda ke cikin wayar salula, wanda aka zaɓa saboda yana tara wuta mai yawa ba tare da nauyi ba.

Ma'aunin da ya fi bayyana ƙarfin batir shi ne wat-awa, ma'ana yawan wutar da zai iya bayarwa idan aka ja shi na tsawon awa ɗaya. Batirin Mini 2 yana da kimanin wat-awa 17, alhali wayar da aka rubuta wa batirinta 5000mAh a jikin kwalinta, irin Tecno ko Infinix da ke aljihun matasa, tana da kusan 19. Ke nan wutar da waya ke wuni da ita, ita ce jirgin ke shanyewa cikin rabin awa. Dalili shi ne shirwa idan ta baza fiffike iska ce ke ɗauke da ita, shi kuwa wannan jirgi ba shi da fiffiken da zai kwanta a kai, tilas injinansa huɗu su riƙa tura iska ƙasa ba ƙaƙƙautawa, kuma da sun tsaya sai faɗuwa. Ƙara girman batir ba ya raba gardama, domin nauyin da aka ƙara shi ma da wuta za a ɗaga shi. An kuma tsayar da nauyin ƙananan jiragen a ƙasa da giram 250, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da dama ke fara tsaurara dokar rajista.

Yadda ake samun adadin kwali

Adadin da kamfani ke bugawa ba ƙarya ba ne, amma an same shi ne a yanayin da mai hoto ba ya haɗuwa da shi. Ana gwajin da sabon batir, a wurin da babu iska, jirgin yana tafiya da gudu ɗaya ba birki ba juyi, wanda ga Mini 2 ya kai kimanin kilomita 17 a awa, sa'annan a bar shi har cajin ya ƙare ƙurmus. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne tsayawa cak a sama ta fi tafiya a hankali shan wuta, saboda farfelar jirgin da ke tsaye tana dama iskar da ta riga ta hargitsa, mai tafiya kuwa kullum sabuwar iska yake tararwa. Kamfanin da kansa ya rubuta wa Mavic 3 minti 40 idan yana tsaye, maimakon 46. Aikin biki kuwa yawancinsa tsayuwa ce a saman taro.

Daga nan sai ragi ya fara. Mai hankali ba ya barin caji ya yi ƙasa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kafin ya sauko, wanda ya mayar da minti 31 zuwa kamar 23 ko 24. Sai a cire lokacin da jirgi ke zaune a kunne yana neman tauraron ɗan'adam domin ya tantance inda yake, da wutar hawa sama, da ta birki, da ta kokawa da iska. Abin da ke saura a hannun mai aiki ba ya wuce wajen minti 20.

Bazara, hunturu da hadari

Kano tana da nata harajin da take karɓa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 480 daga matakin teku, kuma a watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40. Iska mai zafi a kan tudu ba ta da kauri, har kaurinta kan ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 idan aka kwatanta da iska mai sanyi a bakin teku, don haka dole farfela ta ƙara gudu kafin ta ɗaga nauyi ɗaya. Digiri 40 ɗin nan kuma shi ne iyakar zafin da kamfanin ya amince ƙananan jiragensa su yi aiki a ciki, kuma batirin da ya wuce haka ba ya karɓar caji sai ya huce. Wanda ya sauko da jirgi da azahar ya zare batir yana ƙuna a tafin hannu, ya jona shi nan take, yakan ga fitilunsa suna ƙyaftawa ba ya ɗauka, ya zaci caja ce ta lalace.

Da hunturu matsalar iska ce. Mai tuƙi da ke tsaye cikin lungun Gwammaja, katanga ta kare shi dama da hagu, ba ya jin ƙarfin iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa a saman benaye. Idan ya tura jirgin kudu, wajen Dutsen Dala ko Goron Dutse, iska ce ke ingiza shi, sai ya ga ya yi nisa alhali caji bai taɓu sosai ba. Amma wajen dawowa jirgin zai riƙa yanka iskar ne, kuma tafiyar da ta ci kashi 15 tana iya neman ninkin haka a komowa. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a fara da fuskantar iska tun batir yana cike, a dawo tana turowa. Iyakar iskar da Mini 4 Pro ke iya jurewa mita 10.7 ce a daƙiƙa ɗaya, kuma guguwar da ke gaban hadarin farkon damina takan zarce haka nesa ba kusa ba.

Jiragen suna da dabarar komawa da kansu inda suka tashi idan sun lissafa cewa cajin da ya rage na dawowa ne kawai, kuma idan ya yi ƙasa ainun sukan fara sauka ko mai tuƙi bai so ba. A fili wannan kariya ce, amma a unguwar da wayoyin wuta suka sarƙe, ga tankunan ruwa da darbejiya, ga kuma wurin tashin da masu addu'a suka riga suka shimfiɗa tabarmi a kai, saukar dole tana iya ƙarewa a kan rufin kwano ko kan mutum.

Riƙon batir a garin da wuta ba ta da tabbas

Ɗauke wuta ya koya wa mutanen Kano cika duk abin da ake caji da zarar an kawo ta, amma batirin lithiyam ba ya son zama a cike, musamman cikin zafi. An fi so a adana shi da caji tsakanin kashi 40 zuwa 60, kuma batiran DJI sukan rage cajinsu da kansu idan suka yi kwanaki ba a taɓa su ba, abin da wasu ke ɗauka alamar lalacewa ce. Saboda haka daren jajibirin aiki ne lokacin cikawa, ko da janareta ko da sola. Barin batir cikin mota a rana yana tsofar da shi da wuri, kuma wanda ya kumbura har ya daina shiga raminsa da sauƙi ya gama aiki, domin yana iya kamawa da wuta. Manhajar jirgin tana nuna sau nawa aka cika batir aka shanye, wanda shi ne abin da mai sayen na hannu ya kamata ya fara dubawa kafin ya taya.

Sai kuma lokacin tashi: ɗaurin aure kansa 'yan mintuna ne, daga neman aure a bakin wakilai zuwa shafa fatiha, don haka mai hoton da ya tayar da jirgi tun mutane suna taruwa yakan tarar batir ya yi ja daidai lokacin da ake bukatarsa. Ga kuma doka, domin tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba, kuma Gwammaja ba ta da nisa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Mai shirin shiga wannan sana'a ya raba adadin kwali gida uku ya ƙirga biyu, ya sa kuɗin batir uku cikin jarinsa tun farko, ya kuma sani cewa a ƙaramin jirgi irin Mini 2 ukun nan awa ɗaya kacal za su ba shi a sama. Ranar da zafi ya kai ƙarshe ko hadari ya haɗo, da muguwar rawa gara ƙin tashi.