Dirakula da Maye: Littafi, Talabijin da Al'adar Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

Duk wanda ya kalli wasan Dirakula a Gwandu ko Kalgo, aka ce ya faɗi ko wane irin mahaluki ne wannan, amsar da za ta fara zo masa ita ce maye. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin labarin, da yadda talabijin ya sarrafa shi, da kuma inda wannan fassara ta gaza.

Littafin

Bram Stoker, mutumin Ailan, shi ne ya wallafa Dirakula a Landan cikin 1897. Ya tsara shi ne da wasiƙu da kundayen ajiye sirri na taurarin labarin. Wani lauya matashi, Jonathan Harker, ya tafi Taransilbaniya, a Romaniya ta yau, domin ya kammala wa wani basarake cinikin gida a Ingila. Ashe basaraken matacce ne wanda bai kwanta ba, yana rayuwa da jinin mutane. Ya shigo Ingila ta jirgin ruwa da akwatuna 50 na ƙasar garinsu, ya halaka budurwa Lucy, ya kuma nufi Mina. Daga bisani masani Van Helsing ya jagoranci mazaje suka kore shi har gida, suka kashe shi.

Wasan Talabijin

A 1977 BBC ta mayar da littafin wasa, Louis Jourdan ya fito a Dirakula. Wannan wasa ya bi littafin sau da ƙafa, in ban da 'yan sauye-sauye, kamar mayar da Lucy da Mina ya da ƙanwa. Na 2020 kuwa, wanda Mark Gatiss da Steven Moffat suka tsara kashi 3, ya yi nisa da tushe. Van Helsing ya koma mace mai hidimar coci, sannan aka tashi Dirakula bayan shekara 123 a Ingila ta wannan zamani. A ƙarshe aka nuna cewa rana ba ta ƙone shi, tsoron mutuwa ne ya tsare shi cikin duhu. Ko a littafin ma yana yawo da rana; silimar Nosferatu ta 1922 ce ta shigo da kisan hasken rana.

Kama da Wane

Akwai kamanni, domin duka biyun suna cin mutum a ɓoye har ya rame, kuma ana ganin tafarnuwa na korarsu. Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Dirakula jini yake sha; maye kuwa, a faɗar al'ada, kurwa yake kamawa da ƙarfin ƙanƙarar da ke cikinsa, wadda ya gada ko ya saya. Dirakula gawa ne kuma baƙo, ba ya shiga gida sai an yi masa iso. Wanda ake kira maye rayayye ne, maƙwabci ko kishiya ko tsohuwar unguwa. Da majiyyaci ya ambaci sunansa cikin zafin ciwo, sai a tilasta masa ya tsallake shi.

Kammalawa

A nan ne haɗarin yake. Idan aka rufe littafi ko aka kashe talabijin, Dirakula ya ƙare, ba wanda ya cutu. Amma wanda aka jefa da maita yana nan da ransa, ana gudun abincinsa, ana ƙin auren 'ya'yansa, alhali mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya sa majiyyacin sambatu. Shi ya sa dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sanya wannan zargi cikin laifuffuka. Saboda haka ya kyautu mai fassara ya kira Dirakula da fatalwa mai shan jini, kada kallon nishaɗi ya ƙara wa maƙwabcin wani nauyin zato.